Gashin gwiwa ta waya: abin da muka gani bayan aikin Inna

Tun ranar da aka ga Inna ta taka da ƙafarta zuwa gidan suna a bayan layinmu mutane ke ta tambayata, wai da gaske ne ta waya aka yi mata gashi? Wasu a wajen aiki suke tare ni, wasu har gida, wata baiwar Allah ma daga Nafada ta sa aka nemo mata ni saboda babanta na jiran irin aikin canza gwiwar da aka yi wa Inna. To bari in faɗi abin da na gani, mai daɗin da mara daɗin, don ni na riƙe wayar nan wata uku cur kuma ni na riƙe ƙafar. Ba zan kama sunan wurin ba, ba talla aka ba ni ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi.

Mu a Bajoga muke. Inna ta haura shekara 65, kuma ta daɗe tana fama da gwiwar dama, tun ana cewa sanyin ƙashi ne ana shafa man zafi har ƙafar ta fara gwamewa, tashi daga kan darduma ya zama sai an kama ta. Da aka yi hoto aka ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ƙashi ne ke gogar ƙashi. A Kano aka yi aikin. Yadda likitan ya yi mana bayani, ana share bakin ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri a sa musu ƙarfe, sai a sa wata roba mai tauri a tsakani ta zama ita ce guringuntsin. Washegarin aikin aka tashe ta tsaye da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ni kam har na tsorata. Ranar sallama kuma ya faɗa mana gaskiya tsirara, ya ce nasa aikin ya gama amma in ba a yi gashi yadda ya kamata ba gwiwar za ta ƙage, kuɗin da wahalar duk su tafi a banza. Mun zauna gidan 'yan uwa a Kano har sati biyu aka cire ɗinki sannan muka dawo gida.

Da farko Gombe muka fara zuwa gashi. Zuwa biyu muka yi muka gane ba za mu iya ba. Tafiyar ta fi awa ɗaya, kuma wanda aka yi wa aikin gwiwa ba a cusa shi a motar haya, dole shata, a kwantar da ita a kujerar baya ƙafar a miƙe ni ina tallabe da ita duk ramin da aka faɗa sai ta runtse ido. Kafin mu dawo gida gwiwar ta kumbura sumtum, washegari ba ta iya motsa komai, abin da aka samu a can hanya ta cinye. Kuma ana son zuwa sau biyu ko uku a sati. A nan ne wata nas 'yar unguwarmu ta ce mana akwai likitocin gashi da ke duba mutum ta bidiyo kol.

Yaya bai yarda ba sam. Ya ce gashi dai hannu ne da inji, ta yaya mutum yana wani gari zai gasa ƙafar da bai taɓa ba, 'yan damfara ne kawai. Kuma ban ga laifinsa ba, zamanin da muke ciki kowa sai ya sa farar riga ya ɗau hoto. Abin da muka yi shi ne muka nemi likitar gashin da muka samu ta turo shaidar lasisinta na hukumar MRTB, wadda ita ke yi wa likitocin gashi rajista a Najeriya, ta turo ba musu ba ɓata rai, sannan muka kira likitan da ya yi aikin muka gaya masa ya ce babu laifi matuƙar za mu dawo ganinsa a ranar da ya ba mu. Duk wanda zai shiga harkar nan don Allah ya yi waɗannan biyun kafin ya tura ko sisi.

Zaman farko shi ya fi tsawo, ya kusa awa ɗaya da rabi, kuma shi ya sa na natsu. Tun kwana guda kafin nan ta sa na ɗau hoton takardar sallama da hoton ƙashin da duk kwalayen maganin da Inna ke sha na tura mata. Da aka haɗu ta gaida Inna da Hausa, Mama ina wuni ya ƙarfin jiki, ta tambayi hawan jini da suga da barci da ko ana shan maganin tsinka jinin da aka rubuta. Sai ta ce in tashi in zaga da ita gidan. Na ɗauka wasa ne. Ashe so take ta ga tsayin gado, dokin ƙofa, hanyar banɗaki, har ledar ɗakin da ta ɗago a bakin ƙofa ta hango ta ce a danne ta yau ɗin nan kafin ƙafar ƙarfen ta harɗe a ciki. Da ta ga masanmu na tsugunno ne ta ce a'a, Mama ba za ta tsuguna ba, a nemo kujerar ba-haya mai tsayi, Yaya ya sa aka kawo daga Gombe washegari.

Sai awo. Mun fitar da maza daga ɗakin, Inna ta sa wando a ƙarƙashin zani aka naɗe shi zuwa cinya, kuma gaskiya da namiji ne likitan da ba na jin za ta yarda, wannan ma abin tambaya ne tun farko in mahaifiyarka ce. Ta sa na ɗauko biro na ɗiga alama uku, ɗaya a ƙashin idon sawu ta waje, ɗaya a gefen gwiwa, ɗaya a ƙashin da ke turowa a gefen ƙugu. Wayar kuma ba a hannu ba, a kan kujera 'yar tsugunno na jingina ta da gwangwanin madara, daidai tsayin gwiwar, ta gefe. Matsa baya kaɗan, juya ta hagu, ya isa. Inna ta lanƙwasa iya ƙarfinta, ita kuma ta ɗau hoton daga can ta ja layi tsakanin ɗigon nan uku ta fitar da lissafi. Digiri 68 lanƙwasa. Miƙewa kuma saura digiri 10 ta kwanta sambal. Ta sa na auna kaurin gwiwar biyu da tef ɗin tela na rubuta. Ta sa Inna ta tashi daga kujera ta yi tafiyar mita 3 ta juyo ta zauna ita tana kallon agogo.

A nan ta kama mu da wani kuskure da muka yi sati biyu muna yi da zuciya ɗaya. Ta hango filo a gadon ta ce wannan na mene ne, na ce shi muke sa mata a ƙarƙashin gwiwar da dare don ta fi jin daɗi. Ta ce a cire shi yau. Daɗin na gaske ne, amma gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe haka za ta warke a lanƙwashe, mutum ya ƙare da ɗingishi. Filon ƙarƙashin dunduniya za a mayar da shi, gwiwar ta yi lilo ta sauka da nauyinta. Wallahi da a asibiti ne babu wanda zai ga filon nan, don ba a zuwa asibiti da gado. Wannan shi ne babban abin da na ga duba ta waya ya fi, tana ganin mara lafiya a inda yake rayuwa.

Motsa jikin ba wani abin mamaki ba ne. Kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa don jini ya gudana. Danna bayan gwiwa a katifa a ƙirga biyar don naman cinya ya farka. Jan dunduniya zuwa wajen mazauni, mun sa baƙar leda a ƙarƙashin dunduniyar don ta riƙa sulɓi, tawul kuma a tafin ƙafa tana ja da hannu. Ɗaga ƙafa a miƙe. Tashi da zama daga kujera. Sau uku a rana, ita kuma likitar sau biyu a sati take gani. Na sayi littafi ɗan 40 na ja layuka, duk abin da aka yi in rubuta, duk daren Juma'a in ɗau hoto in tura. Ta gaya mana inda aka dosa tun farko, tafiya kawai tana son wajen digiri 60 zuwa 65, tashi daga kujera da hawa matakala suna son 90 ko fiye, kuma a watannin farko ne ake samun yawancin abin da za a samu kafin tabon ciki ya yi tauri.

Wahalar ba a motsin take ba, a wanda zai sa a yi take. Wayar ba ta da hannu, hannun nawa ne. Ni ce auta, ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, yanzu ga ni ina tura ƙafarta baya tana cije leɓe ina cewa saura kaɗan Inna, saura uku. A sati na biyu akwai ranar da ta juya fuska bango ta ce Auta ki bar ni haka, ban yi wa kowa laifi ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Da na gaya wa likitar ba ta yi faɗa ba, ta ce a ba da maganin ciwo kamar rabin awa kafin a fara, a rage yawan a ƙara sau, kuma ta nemi in ba Inna wayar in fita. Ban san me suka faɗa ba har yau. Na dai dawo na tarar Inna na dariya tana cewa to 'yar nan, Allah ya yi miki albarka, za mu yi.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda ta gane halin tsofaffinmu. Da farko takan ce Mama daga sifili zuwa goma ciwon nawa ne, Inna ta ce da sauƙi alhamdulillahi. Kullum da sauƙi. Matar da ta haihu tara ba a ji muryarta ba ba za ta zauna tana lissafa ciwo a gaban 'yar cikinta ba, kunya da dauriya ba za su bari ba. Sai likitar ta daina wannan tambayar gabaki ɗaya. Ta koma cewa Mama jiya sau nawa kika farka, kin ci tuwon dare ko kin ture, da aka gama motsin ciwon ya lafa kafin la'asar ko har magariba yana nan. Kuma takan ce in ɗan ɗaga wayar ta ga fuska lokacin da ake lanƙwasawa. Da haka take sanin ko a ƙara ko a rage.

Ƙanƙara kuwa ta ba mu wuya. Ana so a ɗora minti 15 zuwa 20 bayan kowane motsi, a naɗe a tsumma kada ta taɓa fata, ƙafar a ɗage. Aikin ya faɗo a watan Maris, wanda ya san zafin Bajoga ya san me nake nufi, wuta kuma sai ta ga dama. Ƙarshe da wani mai shagon sanyi mai sola muka shirya, kullum da safe yaro ya karɓo fiya wata guda shida daskararru mu zuba a kula. Goggo kuma da ta zo dubiya daga Dukku ta ga ana ɗora ƙanƙara sai ta kama salati, wai mai ciwon sanyi za a ƙara wa sanyi, a kawo ruwan zafi da tawul a gasa ƙafar kamar yadda aka gada, har tana maganar wani maɗori. Sai da aka haɗa ta da likitar, ta gaishe ta da girmamawa ta yi mata bayanin cewa wannan ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba, gwiwar da aka yanka tana da zafi da kumburi ruwan zafi ƙara mata kumburin zai yi, kuma ƙarfen da ke ciki ba abin da maɗori zai ja ba ne. Goggo ba ta gamsu duka ba amma ta haƙura.

Sai daren da ba zan manta ba. Wajen ƙarfe tara na ga sha-raɓar Inna ta fi ta jiya kumbura, da ɗumi, in an taɓa ta ce wash. Na ɗau hoto na tura wa likitar, cikin ikon Allah tana kusa da waya ta kira. Ta sa na auna da tef, ta tambaya ko akwai haki ko ciwon ƙirji, babu. Ta ce duk da haka wannan ba nata ba ne kuma ba abin waya ba ne, bayan irin wannan aikin jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa kuma in gudan ya ɓalle huhu yake nufa, kada in matsa ƙafar kada in shafa komai, mu tafi asibiti. Muka tafi a daren, washegari aka tura mu Gombe aka yi sikanin, Allah ya taimake mu babu gudan jini, kumburi ne ya sauko. Kuɗi sun tafi, amma daga ranar Yaya ya daina kiranta likitar waya, don ya ga mace ce da ta san iyakar aikinta.

Yanzu ƙorafi. Na farko netwok. Sau nawa Inna na tsakiyar lanƙwasawa hoton ya daskare, tana riƙe da ƙafa cikin azaba muna halo halo, kafin ya dawo ta saki. Sim biyu na riƙa canzawa, daga baya muka gane da sassafe bayan asuba ya fi tsayawa sai muka mayar da zaman can. Wannan ba laifinsu ba ne, amma abin da ya ɓata min rai shi ne minti 45 ɗin zaman in netwok ya ci 15 a ciki ya ci ke nan, saboda akwai wani na jira a bayanmu. Sau ɗaya kacal aka rama mana. Na biyu, kuɗin wata guda ake biya gaba ɗaya tun farko, kuma satin da muka yi ta zirga-zirgar asibiti zama ɗaya ya wuce mu sai da na yi ta magana kafin aka mayar. Na uku bidiyoyin da suke turowa na koyo, da Turanci suke, Turawa ne a ciki cikin gajeren wando a kan wani dogon gado da kayan da ba mu da su, Inna ko kallo ba ta yi. Sai da na roƙi likitar ta ɗauki kanta tana yi a kan tabarma tana bayani da Hausa, kuma wannan ya kamata a ce tun farko suna da shi in dai mutanenmu suke nema. Na huɗu, ranar Asabar da Lahadi saƙo kan kwana ba amsa, daren can sa'a muka ci, kuma ba su ba mu wata lambar gaggawa ba.

Awon ma ba kullum yake daidai ba. In na ɗan karkata wayar sai lissafin ya canza da digiri huɗu ko biyar, wata rana mu yi murna wata rana mu yi baƙin ciki alhali ƙafar na nan yadda take. Daga baya na zana da alli inda ƙafafun kujerar ke zama da inda Inna ke kwanciya, kullum wuri ɗaya.

Babban abin dai shi ne wajen sati na shida bayan aikin lanƙwasawar ta tsaya cak a digiri 85. Kwana goma ba gaba. Likitar da kanta ta ce akwai abin da hannuna ba zai iya ba, ana buƙatar wanda zai taɓa ya ji inda ya riƙe, ya motsa ƙoƙon gwiwar, kuma in aka yi sakaci aka kasa wuce 90 likitan ƙashi kan sa mutum barci ya lanƙwasa da ƙarfi don tabon ya saki, ba ta son mu kai can. Ta rubuta mana takarda da duk awon da aka yi tun rana ta farko muka kai sashen gashi a Gombe. Zuwa uku muka yi cikin sati biyu, lokacin Inna ta fara jure mota. Bayan nan muka dawo waya, kuma aka wuce 100. Don haka in wani ya ce maka waya kaɗai ta ishe ka daga farko har ƙarshe, mu dai ba haka muka gani ba. In an haɗa lissafi, abin da muka biya na wata bai kai kuɗin shatar mota na sati biyu ba, ban da data, kuma data tana tafiya sosai.

Wanda yake cikin garin Gombe ko Bauchi kusa da asibitin koyarwa, yana da mai kai shi, ni a ganina ya je a taɓa shi. Wanda yake irin Bajoga ko Nafada ko Dukku wannan hanya rahama ce, amma fa sai in akwai mutum ɗaya tsayayye a gidan da zai ba da lokacinsa sau uku kullum, mai waya mai kyau, mai iya rubutu, wanda kuma mara lafiyan ke jin nauyinsa ko yake jin tausayinsa. Tsohon da ke zaune shi kaɗai ko wanda kowa ke leƙowa ya wuce, ban ga yadda zai yi ba.

Tambayar da Inna ta fi damuwa da ita ba tafiya ba ce, sujada ce. Tun zaman farko ta yi ta. Likitar ba ta yi mata alkawarin ƙarya ba, ta ce zaman tahiya a ƙasa yana son lanƙwasar da yawancin gwiwar ƙarfe ba ta kaiwa, durƙuso kuma sai likitan da ya yi aikin ya duba ya ba da izini. Malamin islamiyyarsu ya zo dubiya ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, a yi sallah a tsaye, in ba a iya ba a zaune, hankalinta ya ɗan kwanta amma na san abin na ranta.

Yau wata huɗu da aikin. Awon ƙarshe 112, miƙewa ta kwanta sambal, sanda sai in za a fita waje kuma a hannun hagu take riƙe ta kamar yadda aka koya mata, in za ta hau dokin ƙofa lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ta sauka mai aikin ce gaba. Sallah tana kabbara a tsaye ta yi ruku'u da kanta, sujada ce kawai take zama a farar kujerar roba. Wata mai zuwa za mu koma Kano ganin likita, kuma ta riga ta sa na rubuta tambayar durƙuson a shafin farko na littafin don kada mu manta.